Naira Goma, Naira Ashirin, da Hotunanmu a Kan Igiya

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu, mai sayar da hatsi da kayan miya a Kakuri, ta gabatar ranar bikin cikar ƙungiyarmu shekara 10, kafin a buɗe nunin hotuna. Mun buga shi yadda ta rubuto, har da abin da ta ƙara da baki.)

 

Uwar ƙungiya, ranki ya daɗe. Iyayenmu da ke zaune a gaba, sannunku da zuwa, Allah ya ƙara girma. Malamarmu ta ajin manya, barka da isowa. Mazajenmu da suka rufe shago, suka baro wajen aiki suka zo, mun gode ƙwarai. 'Yan'uwana mata, abokan adashi, abokan cin bashi da biyan bashi, sannunmu da ganin wannan rana. Ku kuma yara na can baya, ku ɗan rage surutu, rabin maganar nan taku ce.

Da aka ce ni zan yi magana a kan hotunan nan da kuke gani a rataye, na ce wa Sakatariya ta nemi wata mai baki. Ta ce a'a, ni na tayar da zancen a taro, ni zan sauke shi. To ga ni. In kun ji na tsaya a tsakiyar kalma ku yi mini haƙuri, rubutuna ne, ni kaina wani wurin sai na yi masa kallo biyu. Shekara 3 da suka wuce da an miƙo mini takardar nan, ƙunshin daddawa kawai zan yi da ita.

Bari in fara da abin da muka fi sani, wato kuɗi. Duk mai Naira ashirin a lalitarta ta fito da ita. Na san girmanta ya zube, yanzu ko fiyawata ba ta saye, amma dai ku duba. A gaba Janar Murtala ne, kowa ya san shi. To ku juya bayanta. Wata mata ce tana ginin tukunya. Shekara da shekaru ina karɓar matar nan, ina bayar da ita canji, ina ƙulle ta a bakin zane, ban taɓa tambayar wace ce ba. Da muka fara haɗa baƙi a aji, Malama ta ce kowacce ta nemo abin karantawa a gidanta. Ni babu littafin boko ko ɗaya a ɗakina, sai na zazzage lalita. Na karanta "Naira Ashirin" da Hausa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sannan idona ya kai kan wasu ƙananan baƙaƙe kusa da matar. Na haɗa, na sake haɗawa: Ladi Kwali.

Washegari na kai wa Malama, ta ba mu labarinta. 'Yar Gbagyi ce daga garin Kwali, ba ta yi boko ba, a gida ta koyi ginin tukwane kamar yadda 'ya'yanmu ke koyon awo a gefenmu. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja. An kai tukwanenta har Landan an nuna. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984. 'Yan'uwanmu Gbagyi da ke cikin ƙungiyar nan, ranar nan sai da kuka ɗaga kafaɗa, na gan ku.

Yanzu ku fito da Naira goma. A bayanta mata biyu ne, Fulani, da ƙwarya a ka. Na juya takardar nan, na kai ta wajen haske, na sa tabarau na maigida, ban ga sunan kowa a cikinsu ba. Ƙasa ta yarda cewa fuskar mai tallan nono fuskar Najeriya ce, tunda har ta sa ta a kuɗi. Amma daga wace ruga suka fito? 'Ya'yan wa ne? Nawa suke sayar da ludayi? Babu mai gaya miki. Ladi tana da labari domin wani ya rubuta sunanta. Su biyun nan kuwa sun zama ado. Abin da ya dame ni ke nan tun daga ranar, kuma shi ya kawo igiyar nan.

A bara Malama ta kai mu Gidan Arewa da ke Rabah Road, tsallaken kogi. Mu 14 muka cika bas, wasunmu an haife su a garin nan amma ba su taɓa sanin ana shiga wurin ba. Nan ne gidan Sardauna, Firimiyan Jihar Arewa, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Daga baya, a 1970, aka mai da wurin cibiyar adana tarihi, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Mun ga hotuna a jikin bango, Sardauna da manyan baƙi, sarakuna da rawuna, masu mulki na da. Inda rubutu ya yi mana nauyi Malama ta fassara. Wallahi na ji daɗi, kuma ina ba kowacce shawara ta kai yaranta. Amma da muka fito muna jiran direba sai na ce, "Malama, to mu ina muke? Duk zamanin nan ba a cin tuwo ne? Wa ke auna musu dawa?" Ta yi dariya ta ce, "Wannan gidan Firimiya ne, tarihin mulki aka ajiye a nan, kuma daidai ne. Naku tarihin yana ƙarƙashin gadonku, cikin akwatin da kuka sa wa kwaɗo."

A hanyar dawowa ta ciro waya ta nuna mana aikin mutum biyu. Ta farko Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, wadda aikin jinya ta karanta. A 2015, lokacin da in aka ce Borno ba abin da ke zuwa wa mutum a rai sai bom da gawa da sansanin gudun hijira, ita sai ta ɗauki kyamara ta shiga titunan garinsu. Ta ɗauki 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da 'yan mata cikin kwalliyar Salla, da masu biki. Ta buɗe shafi a Instagram mai suna Bits of Borno tana sawa, tana rubuta abin da mutanen suka gaya mata a ƙasa. Ba ta ce babu wahala a Borno ba. Ta dai nuna cewa ana wahalar kuma ana auna gero, ana ɗaura aure, ana kai yara makaranta. Mu nan Kaduna ai mun san wannan ciwon. In kika je wani gari kika ce daga Kaduna kike, sai a ce, "Ayya, ya rikici?" kamar ba mu da wata sana'a sai gudu.

Na biyun wani dattijo ne ɗan jihar Edo, J. D. 'Okhai Ojeikere. Shi tun 1968 ya sa kansa ɗaukar hoton kitso. Kitso fa, jama'a! Yana bin mata a titi, a ofis, a wajen biki, yana neman izini yana ɗaukar kai, yawanci ma ta ƙeya, yana rubuta sunan kowane kitso. Ya tara kusan 1,000. A 2013 aka rataye su a wani babban baje koli a ƙasar Italiya, mutanen duniya suna layi suna kallo, ya rasu a 2014. Na ce a raina, ashe abin da muke zama a tsakar gida muna yi ranar Lahadi da yamma, ana jan kai ana kuka, shi ne wani ya ɗauka ya ce wa duniya ga Najeriya. In kitso ya isa a rataye shi a Italiya, to mudu da tiya ma sun isa a rataye su a Kakuri.

Shi ya sa na kawo maganar a taro. Wasu sun yi mini dariya, Ma'aji ta ce ita dai kada a taɓa mata asusu. Ba a taɓa ba. Igiyar shanya ce tawa, 'yan maƙalen kuma na maƙwabciyata. Mun roƙi kowacce ta buɗe akwati, muka sami hoto 63 daga gida 29. Ba zan bi su duka ba, abinci zai huce. Uku zan tsaya a kai.

Na farko shi ne lamba 7, kuma nawa ne. Ƙofar masaƙa ce a nan Kakuri, da asuba, lokacin canjin aiki. Matar da ke durƙushe gaban kasko mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta, tana tuyar ƙosai. 'Yar yarinyar da ke riƙe da kwano tana hararar mai hoto, ni ce. Babu shekara a jiki, amma ƙanena ne goye a bayanta, da haka na lissafa 1987 ne. Ku dubi bayanmu. Kekuna ne har inda ido ya tsaya. Masu fitowa daga aikin dare da auduga a gashinsu, masu shiga na safe suna sauri kada jiniya ta riga su. Mahaifina yana cikinsu, sai dai hular wani ta rufe masa rabin fuska, har ya rasu yana jin haushin mai hular nan.

Yaran yanzu ba su san Kakurin nan ba. Masaƙar KTL ta fara aiki tun 1957, kafin a sami 'yancin kai. Ga UNTL, ga Arewa, ga Nortex, sannan kamfanin Peugeot ya zo a 1975 yana haɗa motoci. In wata ya ƙare aka biya albashi, mai ƙosai ta sani, mai atamfa ta sani, mai gidan haya ya sani, har mai gyaran rediyo ya sani. Mahaifiyata tana ba da bashi tun daga 10 ga wata, ba ta rubutu, a kai take riƙewa, kuma ba a cinye mata. Su wa ke layin nan? Tibi, Idoma, Igala, Bajju, Atyap, Ibo, Yarabawa, Nupawa, Barebari, Hausawa, kowa da irin tasa Hausar, wani ya ce "ba ni ƙosai," wani ya ce "ba ni akara," duk mai ɗaya ne ya soya. Ni in ana maganar Najeriya ɗaya, ba a rediyo na fara jin ta ba. A bakin kaskon nan na gan ta, tana tsaye a layi da kwabbai a hannu.

KTL ta rufe a 2002. UNTL ta tsaya a 2007. Sauran kun sani, da yawa a cikinmu nan abin da ya fito da mu kasuwa ke nan, maigida ya wayi gari babu aiki, tukunya kuwa ba ta san an rufe kamfani ba. Ɗana na fari in ina ba shi labarin kekunan nan sai ya riƙa murmushi, yana ɗauka tatsuniya nake yi. Ranar da na ciro hoton ya yi shiru ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Umma, duk waɗannan aiki suke da shi?" Na ce duk. Gani ya kori ji.

Na biyu shi ne lamba 22, kuma shi ne ya kusa raba mana kwamiti. Mata 11 ne cikin anko ɗaya, a tsakar wani gidan haya, ranar suna, a 1999. Wasu da ɗankwali da mayafi, wasu da gwaggwaro, ɗaya da sarƙar gicciye a wuya tana riƙe da jaririn. Rijiya ɗaya suke ja, murhunsu a jere. Bayan wata 'yan kaɗan aka yi abin da aka yi a Fabrairu 2000, aka sake a Nuwamba 2002. Ba sai na faɗa ba, babu wadda ke zaune a nan da ba ta da nata labarin. Gidan nan ya watse. Huɗu sun tsallaka kogi, suna Tudun Wada da Rigasa. Uku sun gangara Sabon Tasha da Unguwar Romi. Ɗaya mijinta ya mai da ita garinsu. Biyu sun rasu. Ɗaya ce ta rage a unguwar, ita ce ta kawo hoton, ga ta can a zaune, ta ce kada in nuna ta.

Wasu a kwamiti suka ce kada a rataya, fama tsohon miki ne, ranar murna ce. Na fahimce su, kuma ban ce ba su da gaskiya ba, domin wadda ta fi ƙin a rataya ta rasa ɗan'uwa a lokacin. Amma ni na tsaya a kan a rataya, kuma zan faɗi dalili a gaban kowa. Muna da yara da aka haifa bayan 2002, yau wasu sun yi aure. A wajensu kogin nan iyaka ce. Sun taso sun ga waɗannan a can, waɗancan a nan, suna tsammani haka Allah ya halicci garin. Akwai yarinyar da ta ce mini ita tsoron tsallaka gada take yi in magariba ta yi, akwai kuma irinta a can da ke tsoron zuwa nan. In muka ɓoye hoton nan, da me za mu ƙaryata musu? Da baki? Bakinmu ai sun saba da shi. Daga ƙarshe ita wadda ta ƙi ɗin ce ta ɗauki abin maƙalewa ta rataya shi da hannunta. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce mini ba.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro game da hoton. Da muka zauna da mai shi za mu rubuta sunaye, takwas ta iya kawowa. Uku sun ɓace mata. Ta ce, "Wannan muna ce mata Maman 'yan biyu, wannan kuma matar direba." Matan da suka yi wankan jego tare, suka ci a kwano ɗaya. Ba laifinta ba ne, shekaru ne. Amma kun ga yadda mutum ke komawa matar bayan Naira goma tun maƙwabciyarsa tana da rai.

Na uku gajere ne, lamba 35, kuma na masu cewa hoto wasan yara ne. Wata 'yar'uwarmu ce tsaye a gaban rumfarta, lambar rumfar da jan fenti a saman kanta, kwanan wata a gefen hoton, 2009. Bayan mijinta ya rasu aka sake fasalin kasuwarsu, takardunta kuma ruwa ya cinye su a wata damina. Wani ya taso ya ce rumfar tasa ce tun asali. Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, aka ce ta kawo shaida. 'Yarta ce ta tuna da hoton nan a cikin albom. Da aka ajiye shi a gaban dattawan kasuwa, magana ta ƙare. Yau da rumfar take biyan kuɗin makarantar yara uku, kuma ba ta taɓa fashin zubi ba, Ma'aji na nan ta shaida.

Kuma ku tuna gari ba ya tsayawa ya jira mu. Kasuwar Barci, da muke tsallakawa Tudun Wada mu sayo gwanjo da kayan ɗaki, an rushe ta a Maris 2020 don a sake gini. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977, an rushe shi a farkon shekarar nan ta 2020. Ban zo yin gardamar ko daidai ne ko ba daidai ba, wannan na masu siyasa ne. Tambayata ita ce, wa ke da hoton layin da take sayen zannuwa a tsohuwar Kasuwar Barci? Na tambaya a taro, babu ko ɗaya. Ko na farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da muka ga tashin hankali, kaya a gaba, mai saye a tsaye, babu takardar kuɗi a hannun kowa, tumatir yana ruɓewa muna jiran alat. Wa ta ɗauka? Babu. Nan da shekara 20 jikokinmu za su ce tatsuniya ce.

To amma kada a ce na zo ina yabon kyamara ido rufe. Akwai ɗaukar hoton da cin mutunci ne, kuma an yi mini. Wata Litinin a Kasuwar Monday, da la'asar, na gaji, na zauna a kan buhu na yi tagumi. Ban san wani saurayi ya ɗauke ni ba. Bayan kwana biyu 'yata ta zo da waya jikinta na rawa. Ga ni a Facebook, an rubuta da Turanci wai ga yadda yunwa ta gama da matan Arewa, mutane suna ta zuba tausayi a ƙasa. Jama'a, ranar nan buhu biyu na masara na sayar kafin azahar. Tagumin lissafi nake yi! Dangin maigida har daga Zariya suka bugo suna tambaya ko lafiya. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Bai tambaye ni ba, bai san sunana ba, ya ɗauki fuskata ya ɗora mata labarin da yake so.

Saboda haka duk hoton da ke kan igiyar nan, sai da mai shi ta yarda. Inda mai hoton ta rasu, mun tambayi 'ya'yanta. Akwai gidajen da maigida ya ce bai yarda a rataye fuskar iyalinsa a bainar jama'a ba, akwai kuma waɗanda fahimtarsu ta addini ba ta ba su rataye hoton mutum ba. Ba mu ja da kowa ba, kuma kada in ji an yi wa wata gori. Su ma sun kawo nasu: ga hoton hannu yana auna wake, ga tulin doya a kasuwar tasha, ga layin jarkokin manja, ga kwatar unguwa da ambaliya ta cika. Lamba 50 hannun wata ce kawai da lalle, tana ƙulla kuka a leda, amma duk wadda ta gani ta san hannun wace ce. In wani ya zo rumfarki da kyamara ko waya, kina da iko ki ce a'a. In kin yarda, ki tambaye shi ina zai kai, ki ce ya rubuta sunanki daidai, ki ce ya turo miki naki.

Saura maganar waya. Za ku ce ai yanzu kowa mai hoto ne. Haka ne, amma ina hotunan? Bikin 'yata, hoto ya fi 200 a wayata, aka zare ta a cikin keke tsakanin Kakuri da Barnawa. Ko ɗaya ban tsira da shi ba sai wanda ƙawarta ta turo, shi ma rabin kaina ya fita. Na mahaifiyata na 1987 kuwa, da mai hoto mai yawo da keke ya ɗauka ya wanko, ga shi nan, ya ga damina fiye da 30.

Ga roƙon da kwamiti ya ɗora mini in isar. Kafin taron watan gobe, kowace mamba ta wanko hoto biyu. Ɗaya tsoho, in tana da shi, a sake ɗaukarsa a wanke, ta riƙe na asalin. Ɗaya kuma sabo, na wurin sana'arta yadda yake yau, ba tare da an share an yi kwalliya ba. Ku sa yaranku su ɗauki layinku ma: mai shayi, mai faci, mai niƙa, 'yan keke, yarinyar nan mai POS a ƙarƙashin lema, wadda shekara 10 da suka wuce ko a mafarki ba mu san irin sana'arta ba. Amma su tambaya tukuna. Kowane hoto a haɗa shi da abu huɗu: wace ce, ina ne, wace shekara, me ake yi. Kada a danna biro a bayan hoto, yana fitowa ta gaba ya ɓata fuska. A rubuta a 'yar takarda a sa su ambulan ɗaya. Kada a ajiye a ƙasa inda sanyi da gara za su kai. Sakatariya za ta sa lamba ta shigar a littafi, mun sayi akwatin ƙarfe, kuma wannan karon Ma'aji ta yarda ta fitar da kuɗin kwaɗo.

Wadda ba ta iya rubutu ba kada ta ji kunya, ni ma jiya-jiyan nan na fito daga ciki. Mu 'yan ajin manya mu shida za mu zauna a teburin can bayan an ci abinci, ki faɗa mu rubuta. In kuma abin ya ba ki sha'awa, aji yana nan Talata da Alhamis bayan la'asar, Malama ba ta duka. Ku kuma yara, ku je ku zauna wajen kakanninku yau ɗin nan, ku nuna musu hoto ku tambaye su wane ne wannan, wace ce waccan. Kada ku ce sai an jima.

Abu na ƙarshe. In kun zo lamba 41 ku tsaya ku duba da kyau. A akwatin marigayiya Ma'ajinmu ta farko aka same shi, 'ya'yanta ba su san kowa a ciki ba. Wata mata ce doguwa, da tiren gyaɗa a ka, tana tsallaka titi wajen shataletalen tasha, ga wata tsohuwar Peugeot a bayanta. Tana da tsaga uku-uku a kumatu, tana dariya da wani wanda bai fito a hoton ba. Mun zagaya da shi gida-gida har Makera da Nasarawa, ba a gane ta ba. Mun bar farar takarda a ƙarƙashinsa da fensir ɗaure da zare. Duk wanda ya san ta, ko ya san wanda zai sani, don Allah ya rubuta, ko ya zo ya same ni a teburi.

Uwar ƙungiya, ranki ya daɗe, ga almakashi. Bismillah.